Dan Allah daga ina sunan nan Cumberbatch ya samo asali?

Ummu_Sultana:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah ina da tambaya ga masu sanin tarihi, musamman 'yan uwanmu da ke zaune a Ingila. Jarumin fim ɗin nan Benedict Cumberbatch, wanda ya fito a Doctor Strange, sunansa na ƙarshe ne ke ɗaure min kai, don ni dai duk kallona da karance-karancena su Smith ne da Johnson da Brown da Williams, ban taɓa jin wani Bature mai irin sunan ba sai shi. Toh kwanaki ina kallon labarai sai ga wani mutumin Barbados an rubuta sunansa a ƙasan allo, shi ma Cumberbatch, kuma baƙi ne wuluk kamar ni da ku. Shi ne nake tambaya, sunan na Turawan Ingila ne ko na can ne, mece ce ma'anarsa, kuma me ya haɗa Bature da baƙar fata suna ɗaya? Na gode.

Yaron_Malam99:

Wslm anti. Ni wlh har yau ban iya fadin sunan ba, Kambabaci nake ce masa kuma kowa a majalisarmu ya gane wa nake nufi hhh. Bari masana su zo mu ma mu karu.

MaiNazari:

Wa alaikumus salam Malama. Sunan na Ingila ne tsantsa, kuma sunan gari ne. Akwai wani ƙauye a yankin Cheshire, arewa maso yammacin Ingila, kusa da garin Northwich, sunansa Comberbach, daga nan sunan ya fito. Yaron Malam kuma dariya kake amma ba ka yi nisa da daidai ba, Kambabac ɗin ne kusan yadda masu abin ke faɗa.

Bari in ɗan koma baya don a gane yadda aka yi sunan ƙauye ya zama sunan mutum. Kafin shekarar 1066 mutanen Ingila suna ɗaya kowa ke da shi, in an so bambancewa a ƙara laƙabi, kuma laƙabin mutuwa yake da mai shi, ɗa ba ya gada. A 1066 ne William na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci ƙasar da yaƙi ya raba filaye ga barorinsa, su kuma waɗannan manyan sun zo da ɗabi'ar kiran kansu da sunan garin da suka fito ko ƙasar da suka mallaka, saboda gado, don a san wane ɗan wane ne ke da fili kaza. Daga manya abin ya riƙa gangarowa a hankali har ya iso kan talaka, wajen shekarar 1400 yawancin gidajen Ingila sun samu sunan da ake gada, kudu ta riga arewa, mutanen Wales kuma sun daɗe sosai ba su shiga tsarin ba. Haraji ma ya taimaka, don akwai kuɗin kai da aka karɓa a 1377 da 1379 da 1381, mai karɓa dole ya rubuta wane John ne ya biya wane ne bai biya ba, ga John kuma ya fi a ƙirga a kowane ƙauye. Harajin 1381 ɗin ne ya tayar da boren talakawa da Wat Tyler ya jagoranta, shi kansa Tyler sunan sana'a ne, mai rufin ɗaki da fale-falen ƙasa.

Masana sukan kasa sunayen gida huɗu, na sana'a irin su Smith maƙeri da Taylor tela da Baker mai gasa burodi, na uba irin su Johnson ɗan John, na laƙabi irin su Brown da Short, sai na wuri. Toh a nan ne amsar dalilin da ya sa ba ki cika jin sunan ba take. Kowane ƙauye akwai maƙeri, shi ya sa Smith ya tsiro a wurare dubu lokaci ɗaya ba tare da sun haɗa jini ba, har ya zama sunan da ya fi kowanne yawa a ƙasar. Amma Comberbach guda ɗaya ne tak a duk Ingila, kuma ƙaramin wuri ne, saboda haka waɗanda suka ɗauki sunan tun farko 'yan tsiraru ne, ko masu filin wurin ko wanda ya tashi daga can ya koma wani gari aka riƙa ce masa wane na Comberbach. Da farko ma da "de" ake rubutawa a gaba irin na Faransanci, daga baya ta faɗi.

Ma'anar kuma, kalmomi biyu ne na tsohon Turanci. Ta ƙarshen, wadda ta zama bach, rafi take nufi ko kwarin da rafi ke bi. Ta farkon ita ce masana suka kawo fuska biyu, wasu suka ce Cumbra sunan wani mutum ne, wato kwarin Cumbra, wasu suka ce kalmar da Anglo-Saxon, baƙin da suka zo suka mamaye Ingila tun da can, ke kiran mutanen da suka tarar a ƙasar ce, wato kakannin mutanen Wales, waɗanda har gobe suke kiran kansu Cymry, kuma daga tushen nan ne Cumberland da Cumbria suka fito. In aka bi wannan, ma'anar ta zama kwarin da 'yan asalin ƙasa ke zaune. Ni na fi karkata nan, don Cheshire iyaka ɗaya take da Wales, ba abin mamaki ba ne a ce baƙi sun mamaye ko'ina an bar wani ɗan kwari a hannun mutanen da, sai a riƙa kiran wurin da su. Kuma ko da sunan mutum ne, shi Cumbra ɗin ma ma'anarsa ba ta wuce ɗan ƙabilar can ba.

Bakatsine_a_Manchester:

Malam MaiNazari Allah ya ƙara ilimi, ka biya. Ni ina zaune ba nisa da wurin, daga Manchester bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Ƙauyen fa ba wani abu ne a ciki ba, mutanensa ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba in ma sun kai, gidaje ne da makarantar firamare da gonaki da shanu, in ka yi ƙiftawar ido ka wuce shi. Abin da ya fi jan mutane wajen shi ne wurin shaƙatawa na Marbury da ke maƙwabtaka da shi.

Abin da zan ƙara shi ne maganar rubutu, don wani zai ce ya aka yi Comberbach ya koma Cumberbatch, o ta zama u, ch ta zama tch. Toh ba furucin ne ya canza ba, rubutun ne ya biyo baki. A Cheshire ɗin nan akwai wani gari Sandbach, duk baƙon da ya zo sai ya ce Sandbak, mutanen garin kuma Sandbac suke cewa, da c irin tamu ta ciki da cokali. Ita kuma o ɗin, marubutan zamanin da ne suke sa ta a madadin u in ta zo kusa da m ko n ko v, saboda a rubutun hannunsu haruffan duk 'yan sanduna ne a jere ba a gane inda wani ya ƙare wani ya fara, shi ya sa har yau ake rubuta come da some da love da son amma a baki ba o ake ji ba. Kinga kenan wanda ya rubuta Cumberbatch abin da kunnensa ya ji ya rubuta.

Kuma su waye ke rubutawar? Limaman coci da magatakardansu. A 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na 8, ya ba da umarni kowace coci ta ajiye littafin da za a riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa, mai sunan yawanci bai iya karatu ba balle ya ce an yi masa kuskure, in ya yi ƙaura zuwa inda ba a san ƙauyensu ba sai malamin can ya rubuta yadda ya ga dama. Haka aka samu Comberbach da Comberbatch da Cumberbatch da Cumberpatch da Cumberbirch, duk abu ɗaya. Kar ma ki ga laifinsu, Shakespeare da kansa sa hannunsa shida ne suka rage a duniya kuma ba iri ɗaya ya rubuta sunan nasa a cikinsu ba. Sai da gwamnati ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1837, ilimin boko kuma ya yaɗu, sannan kowane gida ya tsaya a kan rubutu ɗaya.

Mutanen Cheshire dai sun iya wahalar da baƙo, akwai wani babban gidan sarauta a nan ana rubuta sunansu Cholmondeley amma Camli ake faɗa, ki ƙirga haruffan da aka haɗiye.

Wani abu da ya ba ni mamaki da na zo yankin, ashe mu ma muna da alaƙa da shi ta wajen gishiri. Northwich garin gishiri ne tun zamanin Rumawa, a Marbury ɗin nan aka gano gishirin dutse a ƙarƙashin ƙasa a 1670, har gidaje sun riƙa nutsewa a garin saboda yawan zuƙe ruwan gishirin daga ƙasa. Akwai wata tsohuwar masana'anta a Marston, tafiyar 'yan mintuna daga Comberbach, sunanta Lion Salt Works, babbar kasuwarta Afirka ta Yamma ce musamman Najeriya, yaƙin basasarmu na cikin abin da ya karya mata ciniki, ta rufe a 1986, yanzu gidan tarihi ce. Wata ƙila kakanninmu sun sha miya da gishirin maƙwabtan su Kambabaci.

Sarkin_Musu:

Duk na ji, rafi ne kwari ne gishiri ne, amma kun kewaye tambayar baiwar Allah. Cewa ta yi me ya kai sunan kan baƙar fata a Barbados. Ko dai akwai abin da ba a son faɗa ne saboda ana son jarumin? Ni fa duk inda na ga baƙi da sunan Bature a wancan yankin na san ba auren soyayya ne ya kawo shi ba.

Anti_Bilki:

Sarkin Musu yau dai musunka ya faɗa kan gaskiya, bauta ce, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne, shi jarumin da kansa ya sha yin maganar a hira da 'yan jarida.

Ƙanwata Ummu Sultana ga yadda abin yake. Barbados ƙaramin tsibiri ne a yankin Karebiyan, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 430, mutanensa yau ba su kai dubu 300 ba. Turawan Ingila sun fara zama a can a 1627, suka gwada taba da auduga abin bai yi armashi ba, sai a shekarun 1640 suka koma rake, shi ne tsibirin ya zama wurin haƙo kuɗi, don sukari a lokacin kayan masu hali ne a Turai. Rake kuma aikin ƙarfi yake so, a sare shi a kai injin matsa a dafa ruwan tun bai lalace ba, dare da rana lokacin girbi, sai suka shiga jigilar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma. A 1661 suka yi dokar bayi wadda ta mayar da mutum kamar kadara, kuma ita ce Jamaika da Carolina ta Kudu suka kwafa daga baya.

Wani reshe na masu sunan Cumberbatch, waɗanda suka riga suka bar Cheshire suka zauna a Bristol, shi ne ya ƙetara can. Bristol kuwa tashar jiragen ruwa ce da ta yi ƙaurin suna wajen cinikin bayi da sukari. Abraham Cumberbatch shi ne ya mallaki gonar rake da ake kira Cleland a gundumar Saint Andrew a 1728, ya rasu a 1750. Ga wani abin lura a nan ga masu bin salsala, dukiyar ta bi ta hannun 'yarsa ce wadda ta auri wani mai suna Carleton, ɗansu shi ne ya ɗauki sunan kakansa na wajen uwa don ya ci gado, haka Turawan masu ƙasa ke yi in babu ɗa namiji, a rubuta a wasiyya cewa duk mai son dukiyar sai ya ɗauki sunan. Wato in da tsarinmu ake bi na jingina mutum ga ubansa, jarumin nan Carleton ne ba Cumberbatch ba. Shi ya sa ma sunan Carleton ɗin bai bar gidan ba, cikakken sunansa Benedict Timothy Carlton Cumberbatch, mahaifinsa kuma da sunan Timothy Carlton yake wasan kwaikwayo.

Gonar ta zauna a hannunsu wajen shekara ɗari, da bayi sama da 200 a cikinta, magadan baya ma a Ingila suke zaune ana aiko musu da riba. Biritaniya ta hana safarar bayi a 1807 amma waɗanda ke hannu suka ci gaba da zama bayi, a 1816 aka yi babban bore a tsibirin wanda ake jingina wa wani bawa mai suna Bussa, aka murƙushe shi da kisa mai yawa. Dokar 'yantarwa ta zo a 1833 ta fara aiki ran 1 ga Agusta 1834, a Barbados kaɗai mutum wajen dubu 83 ta shafa. Toh abin da ke ƙona min rai kullum in na zo nan, diyya aka biya, fam miliyan 20, amma ba wa waɗanda aka bautar ba, wa iyayen gijinsu aka biya saboda wai sun yi asarar dukiya. Gidan Cumberbatch sun karɓi rabonsu, jaridun Ingila suna kawo wajen fam 6,000, wanda a kuɗin wancan zamanin dukiya ce ta gaske. Su kuma bayin aka ce su ƙara yin aiki kyauta da sunan koyon sana'a, sai 1838 aka sake su. Bashin da gwamnati ta ciyo don biyan diyyar, baitulmalin Biritaniya da bakinsa ya ce sai 2015 aka gama biyansa, kinga har jikokin bayin da ke aiki a Landan an yanki harajinsu an zuba a ciki.

Sunan kuma, a rajistar bayi da aka riƙa yi daga 1817 zuwa 1834 yawancinsu suna ɗaya ne a rubuce, ba na uba ba na kaka. Da 'yanci ya zo ana buƙatar suna na biyu wajen baftisma da ɗaurin aure a coci, da yawa sai suka ɗauki sunan mai gonar da suke ciki ko aka rubuta musu shi, wasu kuma jininsu ne na gaske, 'ya'yan da Turawan suka haifa da matan da ke ƙarƙashinsu, kuma kowa ya san mace a wannan hali ba ta da bakin cewa a'a. Ba kowa ne ya ɗauki sunan ubangidansa ba, wasu sun zaɓi wani daban, saboda haka suna kaɗai ba ya tabbatar da jini. Amma ta haka ne sunan da ke neman ɓacewa a Ingila ya zama sananne a Barbados, can ba wanda zai juyo ya kalle ki don kin ce sunanki Cumberbatch.

Daga can kuma ya bazu, Trinidad da Guyana, sai Panama lokacin haƙa mashigin ruwan nan tsakanin 1904 da 1914 inda aka ɗebi 'yan Barbados wajen dubu 20 aikin kwantiragi, sai New York. Bayan yaƙin duniya na biyu Ingila ta rasa ma'aikata, daga 1956 hukumar sufurin Landan har Barbados take zuwa ɗaukar kwandastoci da ma'aikatan jirgin ƙasa, asibitoci ma suna ɗaukar masu jinya. Sai ga sunan ya dawo ƙasar da ya fito a jikin fasfo ɗin baƙaƙe.

Ummu_Sultana:

Innalillahi. Anti Bilki wlh jikina ya yi sanyi, ni da na ɗauka wata 'yar ma'ana za a faɗa min mu yi dariya mu wuce. Na gode ƙwarai. Toh amma cikin waɗanda aka kai can ɗin akwai Hausawa kuwa?

Anti_Bilki:

Waɗanda aka kai Barbados galibinsu daga gaɓar Ghana ta yau ne da yankin Benin da kuma kudu maso gabashin Najeriya. Hausawa da yawa sun fara isa bakin teku ne a matsayin kamammu bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo 1804, lokacin kuma Ingila na dab da rufe nata cinikin a 1807, sai jiragen Fotugal da Brazil suka kwashe su zuwa Bahia da ke Brazil. A can ne tarihinsu ya fito sosai, su ne a gaba a yunƙurin boren 1807 da na 1814, kuma suna cikin na Musulmi na 1835 tare da Yarbawa.

Baba_Na_Kofar_Mata:

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya karanta mini wannan hira na ce ya rubuta mini nawa. Abin da Malam na sama ya faɗa na sunan gari ai mu a idonmu aka yi shi a ƙasar nan. Da can mutum sunansa ne da na ubansa, ko sana'arsa, ko laƙabin da kakarsa ta sa masa. Da makarantar boko ta zo, aka tara yara daga gari-gari a Katsina da sauran midil, aji ɗaya Muhammadu biyar Abubakar huɗu, sai malami ya riƙa rubuta kowa da garinsu. Haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Aminu Kano da Isa Kaita, Zungur ɗin da ke sunan Sa'adu Zungur ma sunan wuri ne a Bauchi. Yanzu ga shi 'ya'ya da jikoki suna amsa sunan, wasunsu ba su taɓa kwana a garin ba. Kuma ku duba, mai Kano a sunansa ba ya ƙirguwa kuma ba dangin juna ba ne, amma in ka ji Shagari ka san inda za ka nufa da tambaya. Toh haka na fahimci wannan Kambabac ɗin. Allah ya yi muku albarka.

MaiNazari:

Amin Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wlh ka taƙaita abin da na yi ta zagaye a kai. Irinsu suna da yawa a can, Beckham ƙauye ne a Norfolk, Attenborough yana Nottinghamshire, Washington ma wani gari ne a arewa maso gabashin Ingila kafin ya zama sunan shugaban Amurka na farko.

Tunda Anti ta sa jiki ya yi sanyi bari in kawo wanda zai ɗan sa a murmusa. Akwai mashahurin mawaƙin Ingila Samuel Taylor Coleridge, yana ɗalibi a Cambridge bashi ya yi masa katutu, ga kuma wata da yake so abin bai yiwu ba, sai a Disambar 1793 ya gudu ya shiga sojan doki, don kar 'yan uwansa su gano shi ya ba da sunan ƙarya, Silas Tomkyn Comberbache, ya dai riƙe haruffan farko na sunansa S da T da C. Matsalar ita ce mutumin bai iya hawan doki ba sam, faɗowa yake ta yi, aka ce har wasiƙu yake rubuta wa sauran sojoji su kuma su kula masa da dokin, ƙarshe aka tura shi jinyar wani soja mai ciwon agana. 'Yan uwansa suka gano inda yake suka yi ta faɗi-tashi, a Afrilun 1794 aka sallame shi, a takarda kuma aka rubuta wai taɓin hankali ne da shi don a samu hanyar sakinsa. Abin da ya sa na kawo shi, ko a wancan lokacin mai neman sunan da ba za a gane shi ba wannan ya ɗauko.

Waɗanda suka zauna a gida Cheshire kuma ba su ɓace ba, an yi Roger Comberbach, babban lauya a birnin Chester, wanda ya tattara hukunce-hukuncen kotun sarki na ƙarshen ƙarni na 17 aka buga su a 1724 bayan rasuwarsa. Shi reshen jarumin kuma bayan sun bar harkar rake aikin gwamnati suka koma, kakan kakansa Robert William Cumberbatch ƙaramin jakadan Biritaniya ne a Daular Usmaniyya ta Turkiyya, a Izmir, ɗansa Henry ma aikin ya gada, kakan jarumin kuma hafsan jirgin yaƙi ne mai nutso a teku.

Sarkin_Musu:

Toh madalla, kun ga abin da nake faɗa. An ci kuɗin rake an yi makaranta mai tsada an zama jakada an zama hafsa an zama jarumi, waɗancan kuma an bar su da suna kawai. Har na ga ana ta yayata wai ɗan uwan Sarki Richard na 3 ne, shi ya karanta waƙa ranar da aka sake binne ƙasusuwan sarkin a Leicester a 2015, wannan dangantakar ta shekara 500 an iya lissafo ta dalla-dalla. Ni tambayata ɗaya, ya biya ko bai biya ba? Don na tuna an taɓa cewa Barbados za ta kai gidansu kotu.

Yaron_Malam99:

Kai Sarkin Musu shi ya sayi bayin ne? Mutumin da aka haifa a 1976? Kuma ai ya fito a 12 Years a Slave a matsayin mai bayi, da bai yarda da laifin ba ai ba zai karbi wannan rol din ba

Anti_Bilki:

Yaron Malam fitowa a fim ai aiki ne aka biya shi, ba za a lissafa shi a diyya ba, amma gaskiyarka ba shi ya aikata ba, kuma gonar Cleland ta daɗe da barin hannun gidansu, ba shi da ko taku ɗaya a can.

Sarkin Musu labarin da ka ji a farkon 2023 ya fito, jaridun Ingila suka buga cewa Barbados na shirin neman diyya daga gidan, duniya ta ɗauka. Bayan 'yan kwanaki David Comissiong, wanda yake cikin shugabannin kwamitin ƙasar kan diyya kuma shi aka jingina wa maganar, ya fito ya ce an juya masa zance, ba su gabatar da wata buƙata a kan gidan Cumberbatch ba. Ƙungiyar ƙasashen yankin, CARICOM, tsarin da ta fitar a 2014 mai buƙatu goma gwamnatocin Turai ta dosa da shi, neman afuwa a hukumance da yafe bashi da tallafin lafiya da ilimi da sauransu. Wanda gwamnatin Barbados ta Mia Mottley ta fi sa wa ido a ɗaiɗaikun mutane shi ne Richard Drax, tsohon ɗan majalisar Biritaniya, saboda shi gonar kakanninsa ta Drax Hall tun ta shekarun 1600 har yanzu tana hannunsa ana noma rake a ciki.